Kafin ka sa wa ƙullun wasan ƙaninka kala

Ɗan'uwa, ka tuna lokacin da muke ɗebo yumɓu a bakin kududdufi mu gina shanu da motoci? Yanzu za ka tarar ana kwaɓa wa yara fulawa da gishiri da ɗan mai, a sa kala, su yi ta gine-ginensu. Dabara ce mai kyau, amma fa kalar ce abin dubawa.

Yaro ɗan shekara uku, duk abin da ya taɓa sai ya kai baki. To idan ragowar fenti ka zuba, ko baƙin tsohon batir, ko kwalli, ka san me ka ba shi? Kwallin dutse da wasu fentin suna ɗauke da dalma, ita kuwa a hankali take lalata ƙwaƙwalwar yaro, sai dai a ga ba ya gane karatu. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400.

Mafita tana madafar Inna: zoɓo ya ba ka ja, gangamau rawaya, garin zogale kore. In ta kanti za ka saya, nemi kalar abinci mai lambar NAFDAC. Rinin kaya da ake ƙullawa a leda, rabu da shi.

Gishirin ƙullun ma yana da yawa, kar ka bari ya ci. In ya gama wasa, ka wanke masa hannu da sabulu kafin a zubo tuwo.