Bayan An Ceto Jiki, Saura Me?

A watan Oktoba na 2021, manyan ƙungiyoyi uku a Amurka, ta likitocin yara da ta likitocin ƙwaƙwalwar yara da ta asibitocin yara, suka ayyana cewa lafiyar ƙwaƙwalwar yaran ƙasar ta shiga halin ta-ɓaci. A sashen gaggawa alamar ta fi bayyana. Hukumar CDC ta ruwaito cewa tsakanin Fabrairu da Maris na 2021, zuwan 'yan mata masu shekara 12 zuwa 17 wannan sashe da alamun yunƙurin kashe kai ya haura na irin lokacin a 2019 da kusan kashi 51 cikin ɗari.

Shi kuwa sashen gaggawa an gina shi ne domin jini da karaya da numfashin da ke neman ɗaukewa. Fitila ba ta mutuwa, hayaniya ba ta lafawa, sirri babu. Nan ake ajiye yaron da tsoro ko baƙin ciki ya fi ƙarfinsa, wani lokaci kwana da kwanaki, ana jiran gado a sashen masu taɓin hankali. A 2023 ƙungiyoyin likitocin yara da na gaggawa da ma'aikatan jinya suka fitar da matsaya ɗaya, suna neman a gyara tsarin tun daga ƙofar asibiti har komawa gida.

Darasin da ke ciki shi ne, abin da ya fi ceton yaro a wannan sa'a tsarin aiki ne, kuma yawancinsa bai kai kuɗin gado ɗaya ba.

Da farko a duba jiki. Yaron da ya rikice farat ɗaya, yana sambatu, yana iya kasancewa sukarin jininsa ne ya faɗi, ko sanƙarau, ko farfaɗiya, ko wata ƙwaya da ya sha. Wanda ya yi gaggawar cewa hauka ce yana iya rasa cutar da ke kisa cikin sa'o'i.

Sannan a tambaye shi kai tsaye, a keɓe, ko yana tunanin mutuwa. Cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka ta tsara tambayoyi huɗu, ana kiransu ASQ, waɗanda ma'aikaciyar jinya ke gamawa cikin ƙasa da minti ɗaya. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa wa yaro tunanin da ba shi da shi. Idan ya fusata, a fara da rage murya da rage taro. Ɗauri da allurar barci su ne makamin ƙarshe.

Daga bisani sai sallama, wadda a nan aka fi yin sake. Makonnin farko bayan barin asibiti suna cikin mafi haɗari. Kada yaro ya fita sai da rubutaccen shiri: wa zai kira idan abin ya dawo, me iyaye za su kulle na magunguna da guba, wace rana zai ga likita.

Najeriya ba ta da gadajen Amurka, amma ƙofar iri ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. A nan sau da yawa maganin ƙwari ne ke kai matashi asibiti. A yi masa magani, ya farfaɗo, a ce an gode Allah, a sallame shi ba wanda ya tambayi dalili. Iyaye ma sukan ce kuskure ne, saboda kunya, kuma saboda sashe na 231 na kundin Penal Code ya mai da yunƙurin kashe kai laifi. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, sai dai sa hannu ba ya sauya abin da ke faruwa a bakin gado.

Za a ce likita ɗaya ne a kan majinyata masu yawa, ƙwararru kuma suna can Kaduna da Kware da Maiduguri. Gaskiya ne. Domin irin wannan hali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran mhGAP a 2010, don ma'aikacin da ba ƙwararre ba. Shugaban kowane asibiti yana da ikon sa doka a yau: duk yaron da aka kawo ya sha guba ko ya ji wa kansa rauni, ba a rufe katinsa sai an yi masa tambayar, an zauna da iyayensa, an rubuta ranar dawowarsa.