A Auna Bayani Kafin A Aiki Na'ura

'Yan uwana ɗaliban harshe, akwai wani aiki da ake yi yau a kamfanonin kwamfuta wanda a ganina namu ne, amma ya faɗa hannun waɗanda ba su taɓa zama ajin ilimin ma'ana ba. Aikin kuwa shi ne rubuta bayanin kayan aiki domin na'urori masu ƙirƙirarriyar basira.

Ga yadda abin yake. A shekarar 2023 kamfanin OpenAI ya ba manhajarsa damar kiran wasu ƙananan manhajoji su yi mata aiki, sannan a Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fito da tsarin MCP na haɗa irin waɗannan na'urori da kayan aiki iri-iri. Da haka na'ura ta tashi daga mai amsa tambaya ta koma ɗan aike: ta duba hasashen yanayi, ta tura saƙo, har ta biya kuɗi. To amma ɗan aiken nan bai taɓa ganin kayan da idonsa ba. Abin da ake miƙa masa shi ne suna, da 'yan layukan bayani, da guraben da zai cike. Tamkar yaron da bai taɓa zuwa gona ba ne aka ce ya ɗauko "abin noma", alhali ga fartanya ga garma ga lauje a jingine.

Mu ɗauki misali daga Auna, ta ƙaramar hukumar Magama a masarautar Kontagora, inda noma da kamun kifi suka riƙe gidaje da yawa. A ce an yi wa manoman can manhaja, aka rubuta bayanin wani kayan aikinta da cewa "yana ba da farashin hatsi". Wane hatsi? Gero ko dawa? Da mudu ake nufi, ko tiya, ko buhu? Kasuwar Auna ko ta Kontagora, kuma ta wane mako? Na'ura ba ta cika tsayawa ta tambaya ba, sai ta cike gurbin da zato. Manomin da ya saki buhu goma a kan wannan zato shi zai kwana da asara, mai rubutun yana can yana barcinsa.

Hausa kuma tana da nata tarkon, tunda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Idan bayani ya ce "yana gargaɗi kan fari", ƙarancin ruwa ake nufi ko farin da ke cinye amfanin gona? Kai, sunan garin ma kansa, in aka rubuta shi da ƙaramin harafi, ya koma aikatau na awo.

Wannan ciwo masu ƙamus sun daɗe da saninsa. Bargery a ƙamusunsa na 1934 yakan nuna yankin da kalma ta fito, ya kuma kawo misalin amfani da ita. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuwa da Hausa ya bayyana Hausa, wanda shi ne ainihin gwanintar da ake bukata a nan: a faɗi abin da abu yake, a raba shi da makusancinsa.

Yaya za a gane bayani mai kyau? Wasu tsawonsa suke dubawa, wasu su sa wata na'ura ta ba shi maki. Ni ban gamsu ba, domin bayani yana iya yin daɗin karatu ya kuma ɓatar da mai karatu. Awon da na yarda da shi na aiki ne. A rubuta bukatu ashirin irin yadda manomi zai furta su, har da Hausar Bakambare da ya koye ta a kasuwa, a miƙa wa wanda bai san manhajar ba tare da bayanan kawai. Sau nawa ya ɗauki kayan da ya dace? A cikin ashirin ɗin a saka biyar da babu kayan da ya dace da su, a ga ko zai ce babu. Nan ne bayanai da yawa za su faɗi, saboda sun faɗi abin da kaya yake yi, sun manta da inda aikinsa ya tsaya. Irinmu da Hausa ba harshen uwa ba ce gare mu mun fi dacewa da wannan gwaji, domin ba mu da saurin cike giɓi da sabo. Bayan mutum ya gama, sai a maimaita wa na'urar bukatun nan ashirin, a kwatanta inda kowannensu ya yi tuntuɓe.