Kayan Ƙetare Da Masana'antun Kano

Wanda duk ya tsaya bakin hanyar Zariya, tsakanin Gyadi-Gyadi da tashar Unguwa Uku, zai ga manyan motoci suna shigowa Kano daga Ikko da kaya niƙi-niƙi. Wata ta ɗauko abin da aka gama ƙerawa a ƙasar Sin, sai sayarwa kurum. Wata kuwa injuna ta ɗauko. Jama'a kan haɗa su duka su ce kayan waje, amma fa aikin da su ke yi wa masana'antunmu ba ɗaya ba ne.

Shigowar kayan waje Kano ba yau ta fara ba. Sa'ad da Baturen nan Barth ya zo a 1851, ya tarad da yadin Mancesta a kasuwa, da alharini wanda fatake ke kawowa daga Tarabulus. Duk da haka tufafin Kano na zuwa har Tambutu. Masaƙa da maɗinka ba su tsorata da alharini ba, sai suka sa shi cikin aikinsu, riga ta ƙara daraja.

To, me ya sami masaƙun zamani? An buɗe ta Kaduna a 1957, daga baya Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka cika da ma'aikata. Shekara da shekaru Gwamnati ta tsare su da dokar hana shigo da yadi, da yawansu kuwa suka miƙe ƙafa, ba su sake injunansu ba. Da aka ɗage dokar a 1997, atamfar Sin ta kwararo Kantin Kwari, da zane irin namu, da araha wadda ba mai iya kamo ta. Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Mai son ya gyara ma ya rasa yadda zai yi, gama ga ƙarancin lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga auduga ta ja baya. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, na Kano suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya. A 2015 har marina suka fita jerin gwano, domin rinin ma an fara kawo shi a game.

Shinkafa ta bi wata hanya dabam. Kowace uwargida ta san yadda a ke zaman tsince tsakuwa cikin 'yar gida a dā. Shinkafar Tailan da ta Indiya su suka koya wa mutane cewa ana iya wankewa a zuba a tukunya ba tsinta, wanda ya saba da haka kuwa ba ya komawa baya. Da Babban Banki ya hana masu shigo da ita kuɗin waje a 2015, aka kuma rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, masu casa suka sami kasuwa. Amma mai saye ya riga ya waye, tilas suka sayo injunan cire tsakuwa da na gogewa, da mai ware baƙar ƙwaya, yawanci daga Indiya da Sin ɗin nan dai. Shanshera kuwa ga ta kusa, a Kura da Kadawa, albarkacin ruwan Tiga. Watau 'yar waje ta kafa ma'auni, injin waje ya taimaka aka kai gare shi.

Kada a ce an yi wannan kyauta. Talaka ne ya biya, don buhu ya yi tsada ƙwarai a waɗannan shekaru. A ganinmu, tsaro irin wannan rance ne, ya kamata Hukuma ta yanka masa wa'adi, ta kuma tambayi mai masana'anta abin da ya gyara a ciki. An janye hanin kuɗin waje a Oktoba 2023, a 2024 kuma aka yafe kuɗin fito na ɗan lokaci kan shinkafar da ba a goge ba. Masu casa sun koka, wasu sun rage aiki, lantarkin da ya kā da masaƙu kuwa har yau bai wadaci Chalawa ba.