Wa Ya Koya Maka?

Akwai wata alfahari da ta zama ruwan dare a bakin samarin zamaninmu masu taɓa kayan kiɗa. Da zarar ka tambayi yaro inda ya koyi jita ko fiyano, sai ya buga ƙirji ya ce, "Ni na koya wa kaina." Yana faɗin haka kamar wanda ya ci yaƙi shi kaɗai. Ina adawa da wannan magana, kuma ina da hurumin yin adawar, domin ni ma na taɓa furta ta.

A shekarar 2022, lokacin da malaman jami'a suka shafe wata takwas suna yajin aiki, na sayi kalangu na kulle kaina a ɗaki da waya. Na bi bidiyon YouTube ɗaya bayan ɗaya, ina tsayarwa, ina mayarwa baya, har hannuna ya faɗa. Ranar wani biki a unguwarmu na roƙi wani dattijon makaɗi ya saurare ni. Na zuba masa duk abin da na tara. Ya yi shiru har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, hannunka da sauri. Amma me ka ce?" Ban ce komai ba, kuma gangar ma ba ta ce komai ba. Wata takwas ina ta surutu ba da harshen kowa ba.

Kalangu ganga ce mai magana. Makaɗi yana rataya ta a kafaɗa, ya danne tsarkiyarta a hammata. In ya matsa, fata ta ɗaure, sauti ya hau, in ya sassauta, sauti ya sauka. Da wannan hawa da sauka take kwaikwayon karin harshen Hausa, wanda shi ne ke raba farin launi da farin da ke ƙone gona, alhali baƙaƙensu ɗaya ne a takarda. Saboda haka mahauci yakan ji takensa daga nesa ya miƙe tsaye, ba tare da an ambaci sunansa da baki ba. Kyamara tana nuna maka gula tana sauka a kan fata. Ba ta nuna maka nauyin matsar da ke ɓoye ƙarƙashin riga, ba ta kuma gaya maka cewa wannan take na wane gida ne, ko a gaban wa ba a kaɗa shi.

Babban aibin koyon kaɗaici shi ne kunnen da ya yi kuskure shi ne kuma alƙalin da zai yanke hukunci a kansa. Wanda ya ji sauti a karkace zai kaɗa shi a karkace, ya saurara, ya ji daidai. Gobe ya maimaita, jibi ya ƙara, har kuskuren ya zauna a tsoka. Bidiyo ba ya ɗaure fuska. Ba ya kama wuyan hannunka ya ce sake. Na shafe lokaci wajen kwance abin da na ɗaura wa kaina fiye da wanda na ɓata wajen ɗaura shi.

Na san abin da za a jefe ni da shi. Za a ce Alhaji Mamman Shata bai gaji waƙa ba, kuma har ya rasu a 1999 babu wanda ya kama ƙafarsa. Gaskiya ne. Sai dai Shata murya ce da fasaha, kuma kalangun da ke ɗauke da muryar tasa yana hannun makaɗan da suka san aikinsu. Masu jita kuwa Jimi Hendrix suke kafa hujja da shi, wai bai taɓa zama a aji ba. Suna mantawa da shekarun da ya yi yana kiɗa a bayan wasu, ciki har da Little Richard, kafin duniya ta san sunansa. Wanda ya tsaya bayan ubangida dare bayan dare, ana harararsa in ya kauce, ya yi makaranta, ko da ba a ba shi takarda ba.

A nan ne ma nake ganin an karkatar da muhawarar tun daga tushe. An sa mu ɗauka cewa darasi na tsari yana nufin allo da alli da rubutun kiɗa irin na Turawa, kamar yadda ake koyarwa a MUSON ta Legas ko a sashen kiɗa na jami'ar Nsukka. Wanda bai sami wannan ba sai ya ɗauka zaɓinsa ɗaya ne, wato waya. Alhali ƙasar Hausa tana da manhajarta tun da daɗewa. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, a ba shi ƙaramar ganga ya riƙe kari guda ba ƙari ba ragi, sai an ga ya nuna sannan a sakar masa babba. Musa Ɗanƙwairo a gaban mahaifinsa ya tashi da kotso. Wannan tsari yana da matakai, yana da jarrabawa, kuma jarrabawarsa a bainar jama'a ake yin ta.

Ba zan ɓoye laifinmu ba. Mu ne muka mai da makaɗi abin raini, muka kira shi maroƙi, muka hana shi 'ya'yanmu aure, sannan muka hana 'ya'yanmu zama a gabansa. Yaron da ke ɓoye jita ƙarƙashin gado don tsoron mahaifinsa ba shi da malamin da ya wuce waya, kuma ban ga laifinsa ba. Wayar ta buɗe ƙofar da gado da kunya suka rufe. Abin da nake ƙi shi ne a mai da larura abin taƙama, har yaro ya riƙa jin cewa durƙusawa gaban wanda ya fi shi ƙasƙanci ne.

Farashin wannan taƙama ba a kan yaron kaɗai yake faɗawa ba. Yau a ɗakunan haɗa waƙa na Kano, sautin kalangu a cikin kwamfuta yake, ana latsa shi da yatsa, kullum murya ɗaya. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. A ƙirga matasan da ke riƙe da kuntigi a bayansa. Faifai yana adana abin da makaɗi ya kaɗa a rana guda, amma dalilin da ya sa ya kaɗa shi haka yana cikin kansa, kuma da shi ake binne shi idan babu wanda ya zauna ya tambaya.

Dattijon nan har yanzu ina zuwa wurinsa ranar Asabar. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa kalangu ba; kuntuku ya miƙo mini, ya ce in riƙe masa kari.