JAMB: Zaɓi na biyu ba na cike gurbi ba ne, shawara ga ɗaliban Gangara da kewaye

Duk shekara idan aka buɗe rajistar JAMB, za ka ji yaran Gangara, Sabon Birni da Isa masu ƙoƙari suna ambaton buri iri ɗaya: likitanci ko lauya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Burin yana da kyau. Matsalar tana wajen zaɓi na biyu da na uku, inda ake barin mai shagon kwamfuta ya cike duk abin da ya ga dama. A ra'ayina, nan ne yaranmu da yawa suke asarar shekara.

Mu duba lissafi. A jarrabawar 2025 ɗalibai sama da miliyan 1.9 ne suka zauna, kuma mafi yawansu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Amma 150 ƙofar gida ce kawai. Kwasa-kwasan da ake rububi suna neman maki da ya ninka wahala, ga kuma tantancewar jami'a.

Gaskiya ne ɗan Sakkwato yana da sauƙi a jami'o'in tarayya. Ana raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari baya a boko, kuma Sakkwato na cikinsu. Sai dai a wannan kason ma, ɗan Gangara da tashin hankali ya katse wa karatu zai kara ne da wanda ya yi makarantar kuɗi a birni.

Kuskure na farko shi ne sa Danfodiyo a farko, ABU a na biyu. Manyan jami'o'i kan cika gurabensu da waɗanda suka sa su a farko, don haka wannan zaɓi na biyun suna ne kawai. Gara a sa wadda ba a cika rububinta ba, kamar Jami'ar Jihar Sakkwato ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. Na uku kuma a duba Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gidan Madi. Mai son aikin asibiti kada ya raina kwalejin koyon jinya ta Sakkwato da ta kiwon lafiya ta Gwadabawa.

A sa hanya cikin lissafi. A taswira, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda ba ta da nisa da Isa, amma kowa ya san halin da hanyar Shinkafi take ciki. Makarantar da uwa ba za ta yi barci ba duk ranar da ɗanta ya kama hanyarta, sai a sake tunani. Haka batun masauki da kuɗin mota: inda yaro yake da kawu ko gwaggo ya fi sauƙi.

Wasu iyaye za su ce difloma ƙasƙanci ce. Ni HND gare ni, kuma ban musa cewa ana nuna wa takardar bambanci a wurin aiki ba. Amma mai difloma ko NCE da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Wanda ya zauna gida yana jiran likitanci shekara uku fa? A yankin da zaman banza ke jefa matasa cikin haɗari, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Idan sakamako ya fito, JAMB tana ba da damar sauya makaranta ko kwas bayan biyan kuɗi. Mai maki 190 da ya nemi likitanci ya gaggauta sauyawa kafin gurabe su cika, ya riƙa duba shafinsa na CAPS, ya kuma tabbatar an ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO.

Iyaye da malamai, ku zauna da yaro da takarda da biro tun kafin ya je cibiyar rajista. Ku tambaye shi: idan ta farko ba ta samu ba, wacce za ka je da zuciya ɗaya? Amsar da ya bayar ita za a rubuta.