Ba a cinikin biri a sama

Jama'a, mu 'yan kasuwa mun san ba a sayen buhun gero sai an soka an ga tsaba. To, haka ya kamata a yi da sabon maganin da likitocin Amurka ke gwadawa, wato dasa wa mutum ƙodar alade ko zuciyarsa.

A watan Janairu 2022, likitocin Jami'ar Maryland suka dasa wa David Bennett zuciyar alade. Bayan wata biyu ya rasu. Awon jini mai bin sawun ƙwayoyin gado, wato DNA, ya gano alamar wata cutar alade a jikinsa, wadda awon da aka yi wa dabbar tun farko bai gani ba.

Tun 1999 aka auna mutum 160 da aka yi wa magani da sassan alade. An tarar da ƙwayoyin jikin alade cikin jinin 23 daga cikinsu, wasu bayan shekara 8.

Ba mu raina wahalar mai wankin ƙoda ba, kuma batun halal da haram na malamai ne. Namu batun shi ne sikeli. Cutar da ta tsallako daga dabba ba ta tsayawa kan mutum guda, tana iya bin iyali har kasuwa. Don haka a auna dabba kafin aiki, a riƙa auna majinyaci har iyakar ransa, a kuma faɗa masa gaskiyar sakamako. In babu wannan, kada a sallama.