Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

A zangon da ya wuce, ran wata Talata, aka kai ajinmu makarantar firamare inda mu ke gwajin koyarwa, domin mu kalli ɗayanmu yana koyar da lissafi, sa'an nan mu soki darasin kamar yadda aka saba. Ba zan ambaci sunansa ba, gama laifin da zan faɗa ba nasa ne shi kaɗai ba. Ana cikin darasi aka kira malaminmu ofis. Abokin namu ya rubuta a allo, rabi a tara da sulusi. Ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya ce amsa biyu bisa biyar. Yara suka kwafe cikin littattafansu. Mu kuwa muna zaune a bayan aji, kowa ya gani. Wanda ke da rabin lemo aka ƙara masa sulusi, ta yaya abin hannunsa zai koma bai kai rabi ba? Da malam ya komo aka zauna suka, wannan ya ce, "Ya yi ƙoƙari ƙwarai." Wancan ya ce, "Sai dai ya riƙa ɗaga murya kaɗan." Da aka zo kaina na ce rubutunsa a allo ya yi kyau. Rubutun kuwa ya yi kyau, ban yi ƙarya ba.

Tun ran nan abin ke damuna. Sai na tarar ashe ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Akwai waɗansu ma'aikata da suka daɗe suna gardama a kansa, watau masu rubuta manhaja, jerin umurnin nan da a ke ba kwamfuta. Al'adarsu ce in mutum ya rubuta nasa, ba a karɓa sai wani ya duba ya faɗi inda ya kuskure. Dalili kuwa, kwamfuta ba ta san kara ba. In ka sa lamba inda bai kamata ba, ba za ta ce ai ya yi ƙoƙari ba, abin da ka rubuta shi za ta aikata. Saboda haka suka ta zama musu abincin kullum, gardamarsu kuma ita ce, a faɗa ɓaro-ɓaro ko a lallaɓa?

Wanda ya fi suna a cikin masu faɗa ɓaro-ɓaro shi ne Linus Torvalds, mutumin Finland. A 1991, yana ɗalibi a jami'ar Helsinki, shekarunsa 21, ya fara rubuta manhajar da a ke kira Linux. Kada ku ce ba ruwanku da ita, gama duk mai wayar Android a aljihu, a kanta wayarsa ke gudu. Yau aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kowane mako 9 ko 10 a kan fito da sabuwa, da hannun mutum fiye da 1,500 daga ƙasashe dabam dabam, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Da wasiƙa ta intanet su ke aika gyare-gyarensu, a bainar jama'a kuma a ke amsa musu. Torvalds yana da doka guda wadda ba ya wasa da ita: kada sabon gyara ya lalata abin da ke yi wa mutane aiki tun da. A Disamba 2012 wani canji ya shigo ta hannun ɗaya daga cikin manyan mataimakansa, ya ɓata wata manhajar sauti, mataimakin kuma ya nemi ya ɗora laifin a kan manhajar sautin. Torvalds ya rubuta masa wasiƙar da ba zan iya maimaita kalmominta a mujallar kwalej ba. A taƙaice ya ce ya rufe bakinsa, ya haɗa da ashar, duniya tana karantawa.

To, a nan ne na ke so mu yi adalci, domin na ga mutane suna saurin yanke hukunci. A kan aikin, Torvalds ne ke da gaskiya. Canjin ya yi ɓarna, aka kuma janye shi. Hujjarsa ma ba ta banza ba ce. Ya sha faɗa cewa a rubuce ba a gane habaici, in ka yi kwana-kwana sai mutum ya zaci ka yarda, ya ɓata watanni a kan aikin da ba za a karɓa ba. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mu nan mun sani. Sau nawa aka ce wa mutum "za mu duba", ya tafi gida yana murna, alhali an riga an ƙi?

Amma ku raba wasiƙar nan kashi biyu. Kashi ɗaya ya ce ga wurin da aka kuskure, ga dalili, ga dokar da aka taka. Kashi na biyu ya ce wa mutumin abin da ya ce. In aka share na biyun, me ya ragu daga gyaran? Ba kome. Abin da ya ƙara kaɗai shi ne tsoro, tsoron kuwa ba ga wanda aka zaga ya tsaya ba, ya kai ga dukan masu karatu waɗanda ke shirin aiko da nasu na fari. A Oktoba 2015 ƙwararru biyu suka ba da sanarwa sun janye saboda irin maganganun da a ke yi a wurin, ciki har da mai hannu a rubuta sashen USB 3.0. Waɗannan su ne suka yi sallama. Waɗanda suka leƙa suka juya ba sallama, ba mai lissafinsu. Ran 16 ga Satumba 2018 Torvalds da kansa ya rubuta ya nemi gafara, ya ce halinsa bai dace ba, zai ɗan janye ya nemi taimako a kan fahimtar yadda mutane ke ji. Ya bar aikin a hannun Greg Kroah-Hartman, aka kafa ƙa'idar zaman tare, ya komo a Oktoba. Har yanzu ya kan yi zafi wani lokaci, hali zanen dutse. Amma ashar ta ragu, Linux kuwa ba ta rushe ba, ba a kuma daina mai da wa mutane aikin da bai yi kyau ba.

Akwai wani abu da masu yabon faɗa ɓaro-ɓaro ba su cika ambata ba. Daga sama zuwa ƙasa, gaskiya ba ta da tsada. Shugaba ya faɗa wa yaronsa aikinsa banza ne, wace jarumtaka ke ciki? A gwada daga ƙasa zuwa sama mu gani. Bari in kawo misali daga wata sana'a. Ran 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife, jiragen Boeing 747 guda biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a ƙasa cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Dalilan da yawa, har da rikicewar rediyo. Amma an ji a faifan jirgin KLM, sa'ad da kyaftin ya fara gudu zai tashi, injiniyan da ke bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya kauce daga hanya. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa i, injiniya bai sake magana ba. Kyaftin ɗin shi ne babban mai koyar da tuƙin irin jirgin nan a kamfanin. Ku lura, mutanen Holland ne, waɗanda a ke yi wa shaidar ba su ɓoye abin da ke bakinsu. Ashe ba al'adar ƙasa kaɗai ke ɗaure harshe ba, girma ma yana ɗaurewa. Bayan wannan da irinsa ne kamfanonin jirage suka shiga koya wa ƙananan ma'aikata su faɗi haɗari kai tsaye, manya kuma su saurara.

A makarantar mishan an koya mana labarin Annabi Natan da Sarki Dawuda. Da misalin ɗan rago ya fara, har sarki ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan ya faɗa masa fuska da fuska da shi a ke. Mu dai misalin mu ke iyawa. In mun kai wurin faɗar da wa a ke, sai mu yi tari mu zauna.

Me ya ɗaure namu harshe ran Talatan nan? Ba girma ba ne, gama sa'anmu ne. Na yi tunani, na ga abu biyu. Na ɗaya kunya, wadda ba na rainawa, da ita aka rene mu. Na biyu kuwa maki. Kowa ya san malam yana riƙe da takarda, abin da muka faɗa yana iya rage wa ɗan'uwanmu sakamako, mako mai zuwa kuma mu ne a gaban allo. Sai muka yi ciniki ba tare da an furta ba: ka rufa mini, in rufa maka. Masu manhaja sun gano wannan tarko da daɗewa. A 1976 Michael Fagan na kamfanin IBM ya bayyana tsarin da 'yan mutane kaɗan za su zauna su bi aikin ɗayansu layi layi suna neman kuskure, ya kuma gargaɗi shugabanni kada su ɗauki abin da aka gano su auna ma'aikacin da shi. Ya san in aka yi haka, ba mai sake ganin kuskuren kowa.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, cikin ladabi, su duba abu biyu. A rubuta maki a rufe takarda kafin mu buɗe baki, domin suka ta zama ta gyaran darasi kaɗai. Sa'an nan a hana mu "ya yi ƙoƙari" tsurarta. Duk wanda zai yi magana ya nuna wuri: layi kaza a allo, tambaya kaza da aka yi wa yaro kaza, ga abin da ya kamata. Mai zafin baki a cikinmu, in aka tilasta masa nuna layi, ba shi da sauran lokacin zagi. Mai kunya kuma ya sami abin fakewa, gama da allo ya ke magana.

Sai ran Alhamis da dare na iya samun abokin nan nawa a ɗakin kwana, na zana masa lemo a bayan littafi. Ya duba, ya yi shiru, ya ce, "Kai ma ka gani tun a can?" Na ce i. Ya ce, "Dukanku?" Na ce ina tsammani. Ya ce, "Kuka bar ni ina ta godiya." Kwana uku bai yi mini magana ba. Ran Litinin ya roƙi malamar ajin ta ba shi minti goma, ya share biyu bisa biyar a gaban yara, ya nuna musu yadda a ke kai ga biyar bisa shida. Yara huɗu ba su zo makaranta ran nan ba.